Haƙƙin Baƙon da Aka Tsare Saboda Takarda

Tsare baƙo saboda takarda shi ne hukuma ta kulle mutumin da ba ɗan ƙasarta ba don ya shigo ba da izini ba, ko izininsa ya ƙare bai fita ba, ko ana shakkar fasfonsa, har zuwa ranar da za a tasa ƙeyarsa gida ko a sallame shi. Dokokin ƙasashe da yawa ba sa lissafa wannan tsarewa cikin horo. Aikin ofis suke ɗaukar ta, wato ajiye mutum kafin a gama shirin fitar da shi. Daga nan matsalar ta samo asali. Ɓarawon da alƙali ya yanke wa wata shida ya san laifinsa, ya san ranar fitarsa, yana da damar ɗaukaka ƙara. Wanda aka kama a bakin titi ba shi da igama, wato takardar izinin zama, sau da yawa bai ga alƙali ba, ba a yanka masa wa'adi ba, kuma danginsa ba su san inda aka kai shi ba. Da yake ba a kira abin da ake yi masa hukunci ba, sai ya rasa kariyar da ake ba wanda aka hukunta.

Maganar ba ta da nisa da mutanen tsakiyar Katsina. Daga Dutsin-Ma da Kurfi har ƙananan ƙauyuka irin su Ɗantutture, fita ci-rani bayan an kai amfanin gona rumbu tsohuwar al'ada ce. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya ƙara wa al'adar nauyi. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar da aka katse wa layin waya a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, kuma wanda aka hana shi gonarsa dole ya nemi abinci a wani wuri. Wasu suna tsayawa Kano ko Legas. Wasu suna bin Jibiya su shiga Maraɗi, daga can Agadas, daga Agadas kuma hanya ta rabu, ɗaya ta bi Arlit zuwa Aljeriya, ɗaya ta bi Dirku zuwa Sabha ta Libiya. Wasu kuma gabas suke fuskanta, su shiga Saudiyya da bizar umara su zauna takari. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da gidan tsarewarta.

Wanda Hausawa suka fi sani shi ne tarhil na Shumaisi, a kan hanyar Jidda zuwa Makka, inda ake tara waɗanda askarawa suka kama ba takarda kafin a sa su a jirgi. A 2017 Saudiyya ta ƙaddamar da kamen masu karya dokar zama da ta aiki, kuma har yanzu hukumominta suna sanar da dubban kamu kusan kowane mako. A 2020, lokacin annobar korona, ƙungiyoyin Human Rights Watch da Amnesty International sun fitar da rahotanni kan 'yan Habasha da aka tsare a Jizan da al-Dayir da wasu wurare. Sun bayyana cunkoson da ba ya barin kowa ya miƙe ƙafa, da ban-ɗakin da ya cika ya malalo, da duka, da mutuwar da aka yi a gaban sauran tsararru. A ƙarshen Janairun 2021, bayan wani bidiyo na 'yan Najeriya jibge a ɗakin tsarewa ya yaɗu, gwamnatin tarayya ta kwaso sama da mutum 800 zuwa Abuja. Ko masu cikakkiyar biza ba su tsira ba a wani lokaci. A watan Satumba na 2012 an tsare maniyyata mata 'yan Najeriya kimanin 1,000, mafi yawansu a filin jirgin Jidda, a kan batun muharrami, aka dawo da ɗaruruwa gida, har Najeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. Bayan shekara goma Saudiyyar da kanta ta janye wannan sharaɗi.

A Aljeriya tsarewar gajera ce, abin da ke biyo bayanta ne mai kisa. Ana kame baƙaƙen fata a wurin gini da gidajen haya da bakin kasuwa, a kwashe su a motoci zuwa Tamanrasset. 'Yan Nijar ana kai su har Assamaka bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014. Sauran, ciki har da 'yan Najeriya, ana sauke su a wani fili cikin hamada da ake kira Point Zéro, su taka kimanin kilomita 15 kafin su isa Assamaka. A watan Yuni na 2018 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ruwaito cewa an yasar da fiye da mutum 13,000 ta wannan hanya cikin wata 14, har da mata masu ciki da yara. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da 30,000 da aka koro zuwa Nijar a 2024 kaɗai.

Libiya ta fi ko'ina muni. Dokarta mai lamba 19 ta 2010 ta mai da shigowa ba izini laifin ɗauri, kuma tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 gidajen tsarewa da dama suna hannun ƙungiyoyi masu makami, ko da sunan hukuma na rubuce a ƙofa. A garuruwa irin su Bani Walid da Sabha akwai kuma gidajen masu safarar mutane, inda ake azabtar da tsararre ana buga wa danginsa waya su ji kukansa su aiko da kuɗin fansa. A Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna bidiyon da ake gwanjon mutane a kan dala 400. A ranar 2 ga Yulin 2019 harin jirgin sama ya faɗa wa gidan tsarewa na Tajura, kusa da Tarabulus, ya kashe aƙalla mutum 53 da ke kulle ba su da hanyar gudu. A watan Maris na 2023 kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce akwai ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata cewa an aikata wa 'yan ci-rani a Libiya laifukan cin zarafin bil'adama.

Tambayar addini tana da rassa biyu, kuma cakuɗa su ne ke ɓata muhawarar. Na farko, ko hukuma tana da ikon hana baƙo shiga ko zama? Malamai ba su yi saɓani mai yawa a nan ba. Fiƙihu ya san shiga ƙasa da amana, ya san amanar tana da sharuɗɗa da wa'adi, kuma malaman zamani suna ɗaukar biza a wannan matsayi. Wanda ya karɓi bizar umara ya ƙi fita ya saɓa alkawari, kuma cika alkawari wajibi ne. A 2024 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta ba da fatawar cewa bai halatta a yi hajji ba tare da izini ba, bisa hujjar cutar da cunkoso ke jawo wa mahajjata. Wanda ke son kare 'yan ci-rani bai kamata ya yi musun wannan ba.

Reshe na biyu shi ne abin da ke hawa kan hukuma daga lokacin da ta rufe ƙofa. A nan nassoshi sun fi yawa, sun kuma fi tsanani. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, don ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Abin lura a hadisin shi ne ba a tambayi abin da kyanwar ta yi ba. Mai yiwuwa ɓarna take yi a gidan. Hujjar da aka kafa wa matar ita ce ta ɗauke wa wata halitta ikon neman abinci, don haka nauyin ciyar da ita ya koma kanta gaba ɗaya. Mutumin da ke dako a Jidda ko leburanci a Tamanrasset, komai ƙarancin samunsa, yana sayen burodinsa, yana neman inuwa, yana sayen magani idan kansa ya yi ciwo. Ranar da aka kulle shi duk wannan ya fita daga hannunsa. Ruwan da zai sha, iskar da zai shaƙa, wurin kwanciyarsa da maganinsa sun zama bashi a wuyan mai riƙe da makulli, kuma rashin takardar tsararre ba ya rage ko kwabo daga wannan bashi.

Aya ta 8 a suratul Insan ta jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda bayin Allah na gari ke ciyarwa alhali su ma suna son abincin. Masu tafsiri sun lura cewa kamammun wancan zamani mushirikai ne da aka kama a fagen fama. Sirar Ibn Hisham ta kawo labarin Abu Aziz, ɗan'uwan Mus'ab bin Umair, wanda aka kama a Badar. Ya ce mutanen Madina da ke tsare da shi suna ba shi gurasa su kuma su ci dabino, saboda wasiyyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kyautata wa kamammu, alhali gurasa ce ta fi wuyar samu a wurinsu. Idan wannan ne rabon wanda ya zo da takobi, babu ta yadda wanda ya zo neman aikatau zai samu ƙasa da haka.

Mafi cikakken bayani a kan kula da tsararru cikin tsofaffin littattafai yana cikin Kitabul Kharaj na Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan hijira. Ya rubuta littafin ne don Halifa Haruna Rashid. Ya shawarce shi da a ciyar da fursunan da ba shi da komai daga baitulmali, a yanka masa kuɗi duk wata a damƙa a hannunsa ta wurin mutum amintacce, domin idan aka ba da abinci ta hannun masu gadi za su cinye. Ya ce a ba su tufafin sanyi da na zafi, maza da mata. Ya kawo umarnin Umar bin Abdul'aziz cewa kada a bar tsararre cikin marin da zai hana shi sallah a tsaye. Ya koka da yadda baƙo kan mutu a kurkuku gawarsa ta kwana ba a yi mata sutura ba, ya ce wanka da likkafani da binne shi a kan baitulmali suke. Sannan ya nemi a riƙa duba shari'ar tsararru kullum, mai laifi a hukunta shi a sallame shi, marar laifi a sake shi. Duk abin da rahotannin yau ke kuka da shi, daga abincin da ke salwanta a hannun masu gadi har gawar da ba a san danginta ba, wannan alƙali ya ambace shi fiye da shekara 1,200 da suka wuce, kuma a kan masu laifi yake magana.

Batun wa'adi ya cancanci a dakata a kansa, domin waɗanda suka fito daga tarhil sukan ce rashin sanin ranar fita ya fi yunwa cin rai. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya tsare wani mutum bisa tuhuma sannan ya sake shi, kuma daga nan malamai suka halatta tsarewar bincike, da sharaɗin ta kasance gwargwadon buƙata. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya ƙididdige a littafinsa al-Furuƙ wuraren da tsarewa ta halatta, abin da ke nuna cewa asali shi ne 'yanci, kulle mutum kuwa sai da dalili sananne. Ƙissar Annabi Yusuf ta nuna ɗaya fuskar. Baƙo ne a Masar, an sayar da shi da araha, an jefa shi kurkuku bayan hujjojin kuɓutarsa sun bayyana, ba a yanka masa wa'adi ba, aka kuma manta da shi shekaru. Da sarki ya aiko a fito da shi, bai yarda ya fita ba sai da aka binciki maganarsa. Tsarewar da ba ta da ranar ƙarewa, ba ta kuma da alƙalin da zai duba ta, Alƙur'ani ya ba da labarinta ne a matsayin zalunci.

Korar ma tana da ladabinta. Aya ta 6 a suratut Tauba ta umarci Annabi da cewa idan mushiriki ya nemi mafaka a ba shi, sannan a isar da shi inda zai aminta, kuma wannan a tsakiyar ayoyin yaƙi ne. Malamai sun fahimta daga nan cewa ko amanar baƙo ta ƙare, ba a cutar da shi, sai an mai da shi wurin amincinsa. Sauke mutum a tsakiyar rairayi a nuna masa kudu da yatsa ba isarwa ba ce. Sayar da shi kuwa ya shiga hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, inda Allah Ya ce Shi ne abokin husumar mutum uku ranar alƙiyama, ɗayansu wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Ahmad Baba na Timbuktu, wanda shi kansa aka kwasa cikin mari zuwa Marrakesh bayan mamayar Maroko ta 1591, ya rubuta Mi'irajus Su'ud wajen 1615 don amsa wa mutanen Tuwat tambayarsu a kan bautar da baƙaƙe. Ya ambaci Katsina da Kano da Borno cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne 'ya'ya, ya kuma rushe da'awar cewa baƙar fata dalilin bauta ce. Abin baƙin ciki ne a ce bayan shekara 400 jikokin waɗannan mutane suna buƙatar wannan fatawa a kan hanyar Sahara ɗin nan dai.

Akwai hujjar da ake yawan ji har a majalisun gida, cewa shi ya ja wa kansa, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Gaskiyar da ke cikinta ita ce mutum yana da alhakin zaɓinsa, kuma tura mata da ƙananan yara bara ta hamada abin zargi ne. Mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu kusa da iyakar Aljeriya a Oktoban 2013, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, sun isa shaida. Amma laifin matafiyi, idan ya tabbata, yana da ma'auninsa, wato tara ko kora. Duka da ƙishirwa da fyaɗe ba sa cikin hukuncin kowace doka. Gwamnatoci kuma suna da tasu hujjar da ba su cika furtawa ba, cewa idan gidan tsarewa ya yi daɗi wasu za su biyo baya. Ma'anar wannan ita ce a azabtar da wanda ke hannu don tsoratar da wanda bai zo ba. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma masanin falsafa Immanuel Kant ya kai ga kusan wannan matsaya ta hanyar hankali, inda ya ce bai halatta a mai da mutum kayan aiki kawai don biyan buƙatar wani ba. A rubutunsa na 1795 kan dawwamammen zaman lafiya ya yarda ana iya juya baƙo, matuƙar juyawar ba za ta halaka shi ba.

Hannah Arendt, wadda ta tsere wa 'yan Nazi ta kuma ɗanɗani zaman sansanin tsarewa a Faransa a 1940, ta nuna wani abu mai zurfi a littafinta na 1951. Ana cewa mutum yana da haƙƙi don kawai shi mutum ne, amma a aikace haƙƙin yana aiki ne idan akwai ƙasar da ta tsaya masa. Dokokin duniya sun yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa ta 1966 ta hana tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, ta wajabta mutunta duk wanda aka tsare. Kundin haƙƙin ɗan Adam na Afirka na 1981 ya haramta korar baƙi a dunƙule. Yarjejeniyar ƙaura da aka amince da ita a Marrakesh a Disamban 2018 ta ce tsarewa ta zama matakin ƙarshe. Raunin waɗannan takardu shi ne ƙasar da ke tsarewa ita ce kuma ake jira ta hukunta kanta. A Musulunci tushen haƙƙin ba fasfo ba ne. Aya ta 70 a suratul Isra ta jingina karamci ga 'ya'yan Adam baki ɗaya, kuma mai gadin da ya yarda da hisabi ya san akwai kotun da ba ta buƙatar izinin gwamnatinsa. Shi ya sa abin ya fi zafi ganin cewa mafi yawan wuraren da ake wulaƙanta Bahaushe ɗan ci-rani ƙasashen Musulmi ne, mai tsaro da tsararre alƙibla ɗaya suke fuskanta.

Najeriya ba ta da bakin yi wa kowa gori. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwarara zuwa iyakoki da tashar jirgin ruwa ta Apapa, mafi yawansu 'yan Ghana, wasu suka mutu a turmutsitsi. Ghana ta riga ta yi wa 'yan Najeriya irin wannan a 1969 zamanin Kofi Busia, har da Hausawan zango da aka haifa a can. A Janairun 1980 jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, suka tsallaka da shi Chadi da da'awar ba ɗan ƙasa ba ne, sai da babbar kotu a Maiduguri ta rushe korar ta kuma ba shi diyya. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Talakan kan iyaka, wanda kakansa ke Maraɗi kakarsa ke Jibiya, a yankin da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 zuwa 1906 suka tsaga, ba shi da ko ɗaya. Ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa 'yancin zirga-zirgar da yarjejeniyar ƙungiyar ta 1979 ta bayar ya koma dogaro da sassaucin gwamnatoci.

Saura nauyin da ke kan ƙasar tsararre da jama'arsa. Tsarewa takan tsawaita ne saboda ofishin jakadanci bai zo ya tantance mutum ya ba shi takardar komawa gida ba, kuma wanda ya fito daga ƙauye ba takardar haihuwa ba katin ɗan ƙasa ya fi kowa daɗewa. An ruwaito daga Imam Malik cewa fansar kamammu wajibi ce a kan Musulmi ko da za ta cinye dukiyarsu. A kan ko za a biya fansar daga zakka, Malikiyya sun saɓa, Ibn Ƙasim da Asbag sun hana, Ibn Habib ya halatta. Kason ɗan tafarki kuwa, wanda aya ta 60 a suratut Tauba ta ambata, ya fi dacewa da wanda aka sauke a Assamaka ko a filin jirgin Kano ba shi da kuɗin mota zuwa Kurfi. Mukhtasar na Halil ya sa sharaɗin kada tafiyar ta kasance ta saɓo, sai dai masu sharhi sun ce idan ya tuba, ko ana tsoron halakarsa, ana ba shi abin da zai kai shi garinsu.